Manyan kalmomin Ingilishi: mai ɗan Faransanci ya riga ya yi nisa

Iyaye da matasa da yawa suna tambayarmu yadda za su ƙara sanin Ingilishi. Galibinsu sun iya gaisuwa da ƙirga da ciniki, amma da zarar an miƙa musu takardar ofis sai kai ya ɗaure. A Tamanrasset mutum yana iya wuni a kasuwa ko a unguwar Tahaggart da Hausa da Larabci da Buzanci da ɗan Faransanci, bai nemi Ingilishi ko sau ɗaya ba. Sai dai lamarin yana sauyawa. Tun watan Satumba na 2022 Aljeriya ta fara koyar da Ingilishi daga aji uku na firamare. A Nijar ma, dokar da aka fitar a 2025 ta sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ko kun zauna nan, ko kun koma gida, ko kun wuce gaba, za ku tarar da shi.

Duk wanda ya taɓa zama a lekwal yana da jarin da bai san da shi ba. A shekarar 1066 mutanen Normandi, masu magana da Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da kotu har kusan shekara ɗari uku. Shi ya sa kalmomin gida na Ingilishi gajeru ne, nasu na asali, amma na ofis da asibiti da shari'a yawancinsu daga Faransanci da Latin suka fito. Document, protection, nationality, vaccination, certificate: idon da ya saba da Faransanci zai gane su nan take. Lafazin ne kawai ya bambanta, shi kuwa kunne ke gyara shi.

Amma a yi hattara, kama da wane ba ta wane. A Faransanci attendre jira ne, a Ingilishi kuwa attend halarta ne. Idan takarda ta ce “attend the interview”, cewa take ku je ganawar da ƙafarku, kada ku zauna gida kuna jiran kira. Haka délai wa'adi ne, amma delay jinkiri ne. Wa'adi a Ingilishi deadline ake cewa. Demander roƙo ne ko tambaya cikin ladabi, demand kuwa nema ne da ƙarfi, kamar mai bin bashi. Waɗannan ukun ku fara rubuta su tun yau, domin kuskure a kansu yana iya sa mutum ya rasa ranar da ya yi watanni yana jira.

Kada ku haddace kalma ita kaɗai, ku ɗauke ta da danginta. Register yin rajista ne, registration ita ce rajistar, registered wanda aka yi wa, unregistered wanda ba a yi wa ba. Wannan un da ke farko yana kore ma'ana, re kuma yana nufin sake yi: settle zama, resettle sake tsugunar da mutum a wata ƙasa. Wata malama mai suna Averil Coxhead, a New Zealand, ta tattara irin waɗannan dangogi guda 570 a shekarar 2000, waɗanda suka fi yawo a littattafan jami'a. Sunan jerin Academic Word List, ana samun sa kyauta a intanet. Ga matashin da ke da burin karatu mai zurfi, ya fi masa sayen katon ƙamus ya fara daga shafin farko.

Sauran aikin mun san shi tun makarantar allo: kaɗan-kaɗan, da yawan tilawa. Kalma biyar a rana ta isa. A rubuta kowace a cikin jimla da ta shafi rayuwarku, a maimaita ta gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako. Ku saurari labarai a sashen Hausa na BBC, sannan ku nemi labarin nan dai da Ingilishi. Tunda kun riga kun san zancen, kalmomin za su zauna. Idan akwai yaro a gida da ke karatu, a sa shi ya karanta da ƙarfi bayan magariba, babba ya ji ba tare da kunya ba.

Duk da haka, komai yawan kalmomin da kuka tara, ranar ganawa a ofis ku nemi tafinta. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba ku gane ba sai an fassara muku ita da Hausa, layi bayan layi.