Daga aji zuwa wurin aiki: Abin da ya kamata ku sani

Duk shekara jami'o'i da kwalejojin Najeriya na yaye ɗimbin matasa, da yawansu kuma su koma gida zaman jiran aiki. A daidai wannan lokaci, 'yan kwangilar gine-gine a Abuja da Legas na ɗauko masu sa tayil da 'yan POP daga Togo da Jamhuriyar Benin, saboda ƙwararrun gida ba su wadatar ba.

Ina gizo ke saƙar?

Makaranta kwali take bayarwa, mai ɗaukar aiki kuwa abin da hannu ya iya yake tambaya. Ɗalibin da ya karanta fannin lantarki zai zana maka hanyar da wuta ke bi a takarda tsaf, amma a miƙa masa inbata da batura a ce ya haɗa wa gida sola, sai ido ya raina fata. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai: ɗakunan gwaji da yawa ba su da kayan aiki, wasu kuma injinansu sun tsufa.

Waɗanne hanyoyi ake da su?

A 1971 aka kafa hukumar horas da ma'aikata ta ITF, wadda ta ɓullo da shirin SIWES a 1973. Shi ne ɗalibai ke kira IT, inda ake tura su masana'antu da ma'aikatu na wasu watanni, a jami'a yakan kai shida. Abin takaici, wasu kan yi zamansu a gida, su cike littafin rahoto da ayyukan da ba su yi ba, su nemi wanda zai buga musu hatimi.

Hukumar bautar ƙasa ta NYSC ta fara shirin koyar da sana'o'i na SAED a 2012. Ita kuwa hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE, mai hedikwata a Kaduna, tana kula da tsarin NSQ, wanda ke gwada mai sana'a a kan aikinsa, a ba shi shaidar ƙwarewa ko da a gareji ya koya. Wannan babbar dama ce ga irin yaran Kasuwar Panteka ta Kaduna, masu ƙera injin markaɗe da ƙofofin ƙarfe, waɗanda rashin takarda ke hana su samun manyan kwangiloli.

Yaya ake yi a wasu ƙasashe?

A Jamus, matashi kan yi kwana uku ko huɗu a mako a kamfani, ɗaya ko biyu a makarantar koyon sana'a, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana kuma biyansa alawus. Da yawa kamfanin da ya horar da su ne ke riƙe su bayan sun kammala.

Mene ne abin yi?

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ɗalibi ya nemi wurin IT da za a bar shi ya taɓa kayan aiki, ko da ƙaramin shago ne, kuma ya riƙa ɗaukar hoton ayyukan da ya kammala don nuna wa mai ɗaukar aiki. Iyaye su daina ganin walda ko kanikanci a matsayin makomar wanda boko ya gagara, su haɗa yaro da amintaccen maigida tun daga hutun sakandare. Masu sana'a kuma su koyar tsakani da Allah, kada yaro ya shekara uku aikinsa sayo abinci da share shago. A yi yarjejeniya tun farko: me za a koya masa, kuma yaushe za a yaye shi.