Sunayen Nama a Birnin Rum da Ƙofar Rini

Haruffan boko da muke karanta wannan littafi da su, asalinsu na Rumawa ne. Rumawa su ne mutanen birnin Rum na dā, a ƙasar Italiya, harshensu kuwa ana ce da shi Latin. Yau ba wata ƙasa inda uwa ke yi wa ɗanta magana da Latin, amma kalmominsa suna nan a rubuce. Bari mu ɗauko uku daga cikinsu waɗanda suka shafi nama, mu gwada su da namu, mu ga abin da za mu koya.

Da Latin, nama shi ne caro. Maraƙi kuwa vitulus. In Barume yana son naman maraƙi, sai ya canja ƙarshen kalmar, ya ce vitulina. Ɗan rago ƙarami shi ne agnus, namansa kuma agnina. Ta uku ita ce assum, watau gasasshen nama. Kun ga biyu na fari suna faɗa wa mai saye abu biyu a kalma ɗaya: irin dabbar, da kuma ƙuruciyarta.

Me ya sa suka damu da wannan? Domin kuɗin ba ɗaya ba ne. A shekara ta 301 bayan haihuwar Annabi Isa, tsadar kaya ta dami mutanen daular Rum. Sai sarkinsu, Diyokiletiyan, ya yi doka, ya yanka iyakar kuɗin da za a sayar da kaya iri iri. Aka sassaƙa dokar a jikin dutse a garuruwa. A wani gari da ake kira Aizanoi, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a bangon kasuwa aka rubuta ta, inda mai saye da mai sayarwa za su gani. Awonsu na nama ya yi kusan sulusin kilo. Awo ɗaya na naman sa dinari 8 ne. Na akuya ko na babban rago shi ma 8. Amma na ɗan rago 12 ne. Kalmar dinari ma daga Latin Larabawa suka samo ta, mu kuma muka ji ta daga gare su.

To, mu yi lissafi. Mutum ya sayi awo 3 na naman ɗan rago, ya biya 36. In aka ba shi na tsohon rago, abin da ya kai gida na 24 ne. Ya yi hasarar 12 ke nan. Ashe sanin suna yana tsare aljihu.

Kalmomin nan sun yi tafiya mai nisa. Mutanen Italiya yau suna ce wa maraƙi vitello, ɗan rago agnello. Faransawa suna cewa veau da agneau. A shekara ta 1066 mutanen Normandi, masu magana da Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya gauraya da na 'yan ƙasa. Ta nan Turawan Ingila suka sami veal, sunan da suke kiran naman maraƙi da shi. Assum kuma ta haifi asado, gasasshen naman da mutanen Ajantina suke alfahari da shi.

Yanzu mu komo gida. In muka zauna wurin masu nama a Ƙofar Rini, nan cikin Sakkwato, ba za mu ji kalma ɗaya tak ta naman maraƙi ba. Sai dai mu haɗa biyu, mu ce naman maraƙi. Wannan ba gazawar Hausa ba ce. Dalili shi ne ba mu cika yanka maraƙi ba. Makiyayi yana barinsa ya girma, don shi ne dukiyar gobe. Kuma shanunmu ba su cika sakin nono ba sai an kawo maraƙin kusa. Haka ɗan rago. Ran layya babba muke nema, wanda ya cika shekara. Abin da mutane ba su cika saye ba, ba su wahalar da kansu wajen raɗa masa suna.

Amma fa ku dubi inda Hausa ta yi arziki. Dabba tana da rai, mun san sa da saniya, da bijimi da karsana, da rago da tunkiya, da bunsuru da taure. Mahautanmu, waɗanda Sakkwatawa ke kira rundawa, suna da shugabansu, Sarkin Fawa. In nama ya zo gaban wuta kuwa, kowane aiki da sunansa.

Tsire shi ne wanda aka yanka falle falle, aka tsire a tsinke, aka shafa masa ƙuli-ƙuli da yaji, aka jera a tukuba kewaye da wuta. Balangu gasasshe ne ba tsinke, sai a yayyanka wa mai saye da albasa. Kilishi kuwa ana feɗe tsoka ta yi kamar takarda, a shanya a rana, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna wa wuta kaɗan. Shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba, ya zama guzurin matafiyi. Dambun nama ana dafa shi, a daka, a soya. Banda ita ce ƙyafe nama da hayaƙi. Babbaka kuma ƙone gashin kai da ƙafa.

Namu sunayen ma sun yi tafiya. Mahauta Hausawa sun kai sana'arsu Ikko da Ibadan da Kamaru. Can ana ce wa tsire suya, a Kamaru kuma soya. Mu kuwa mun sani suya da mai ake yinta a kasko, tsire gasa shi ake yi. Kalmar ta bar gida, ma'anarta ta sauya a hanya. A Sudan akwai wani gasasshen nama da Hausawan can suka kai, ana ce da shi agashe.

Saboda haka, in mun je sayen nama, mu faɗi sunan abin da muke so sosai. Mu tambayi irin dabbar, babba ce ko ƙarama, yau aka yanka ko jiya. Mahauci mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya, don ita ke sa mai saye ya komo gobe.

Tambayoyi

1. Yaya Rumawa ke kiran naman maraƙi?
2. Awo 5 na naman sa dinari nawa ne a dokar shekara ta 301?
3. Mene ne bambancin tsire da balangu?
4. Ku tambayi wani tsohon barunje sunayen sassan nama guda 10, ku rubuta su, ku kawo aji mu karanta tare.