Ciyawar Damina a Cikin Duro: Yadda Ake Haɗa Sailej

Duk wanda ya tashi a cikin Birni ya san ragon soro. A Yakasai, Gwale, Mandawari ko Jakara, da wuya ka ratsa lungu ba ka ji kukan tunkiya ba. Wani na layya yake kiwo, wani kuma, har da wasunmu ɗalibai, jarinsa ke nan na kuɗin rajista. Matsalar ɗaya ce, abinci. Babbar Sallah tana matsowa baya da kusan kwana 11 duk shekara: a 2024 an yi ta a tsakiyar Yuni, a 2025 a farkonsa. Ma'ana, na wasu shekaru masu zuwa watannin turke za su riƙa faɗawa Maris zuwa Mayu, lokacin da harawa da kowa da dusa suke tsadar da sai ka riƙe baki. A watan Satumba kuwa ciyawa har tattaka ta ake yi. To ta yaya za a kai ciyawar Satumba zuwa Afrilu ba tare da ta bushe ta zama kara ba?

Amsar ita ce sailej, wato ɗanyen ganye da aka datsa, aka danna a wurin da iska ba ta shiga, har ya yi tsami. Ba wani sihiri ba ne. Irin ƙwayoyin halittar da ke tsamar da nono da kamu su ne suke aiki a nan. Suna cin zaƙin da ke jikin ganyen, su fitar da tsami, tsamin kuma ya hana masu ruɓarwa sakat. Sharaɗinsu guda: kada iska ta shiga.

Masara ta fi komai dacewa saboda zaƙin kararta, a sare ta lokacin da ƙwayar ta fara tauri amma farce na iya huda ta. Ba dole sai kana da gona ba. Manoman da suka cire masarar gashi sukan bar karan da ɗanyen ganyensa, haka ma masu noman rani a Kura da Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga. Dawa da gero da gamba da kyasuwa duk suna yi, in dai ba su tsufa ba. Sai dai a yi hattara da gyauron dawa, ƙaramin tohonta yana da guba, makiyaya sun daɗe da sanin haka. Ganyen wake da gyaɗa da lablab, wanda cibiyar NAPRI ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana yaɗawa, sun fi gina jiki amma zaƙinsu kaɗan ne. Ni dai a ganina gara a bar su a harawa, ko a gauraya kaɗan da masara.

A ƙauye rami ake haƙawa. A cikin Birni ina filin rami? Shi ya sa duron roba mai murfi, irin mai lita 200, ya fi mana. A wanke shi tas, kuma a guji wanda aka taɓa zuba maganin feshi ko sinadarin masana'anta a ciki.

Ka datsa karan gutsi-gutsi, kamar gaɓar yatsa, santimita 2 zuwa 3. Ka damƙi cikin hannu ka matse. Idan ruwa ya ɗiga, ya yi jiƙa, a baza shi na wasu sa'o'i. Idan ya watse kamar ƙaiƙayi, ya bushe da yawa. Wanda ake so shi ne ya dunƙule, ya bar danshi a tafin hannu, sannan ya buɗe a hankali. Daga nan sai zubawa kaɗan-kaɗan, ana shiga ana tattakawa, musamman gefe-gefe. Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin mutane suke yin ganda. A cika shi maƙil a rana ɗaya, a shimfiɗa leda, a rufe, a ɗaure, a ajiye a inuwa inda ɓera ba zai huda ba. Duro ɗaya da aka danna da kyau yana ɗaukar sama da kilo 100.

Kada a buɗe kafin sati 3, in an kai 6 ma ya fi. Mai kyau launinsa kore ne mai ratsin rawaya, ƙamshinsa tsami-tsami mai daɗi. Wanda ya yi baƙi, yana yauƙi, yana wari, ko ya yi hunhuna, a zubar. Kar a ce ai dabba ce, tumaki suna ɗaukar ciwon ƙwaƙwalwa daga ruɓaɓɓen sailej, ka ga rago yana ta zagaye wuri ɗaya har ya faɗi.

Ranar farko ragon zai iya sunsunawa ya kau da kai. A fara da ɗan kaɗan cikin dusarsa, a riƙa ƙarawa har sati ɗaya ko biyu. Babban rago kan ci kilo 1 zuwa 2 a rana tare da harawa da dusa, don sailej ba ya maye gurbinsu gaba ɗaya, rage yawansu yake yi. Duro guda kan kai rago ɗaya wajen wata biyu. Da zarar an buɗe, kullum a kwashi na sama a mayar da leda, kuma kada a taɓa duro na biyu sai na farko ya ƙare.