Tayar Da Tsohuwar Fijo A Tsakar Gida: Darasin Da Muka Koya A Kégué

Duk ɗan kasuwar da ya saba zirga-zirga tsakanin Lome da Aflao a bakin Gana, ko Hilakondji a bakin Benin, ko kuma ya miƙi hanyar arewa har Sinkase, ya san cewa kuɗin mota na daga cikin abubuwan da ke cinye riba tun kafin kaya su isa rumfa. Wannan ne ya sa mu da 'yan uwanmu muka yanke shawarar tayar da wata tsohuwar Fijo 504 akori-kura da mahaifinmu ya bari, wadda ta daɗe a kwance a tsakar gidanmu da ke unguwar Kégué, ba nisa da babban filin wasan ƙwallo. Motar dai ta tashi, kuma tana aiki, amma mun yi kurakuran da suka ci mana kuɗi, ɗaya ma ya kusa cin rai. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana wa mai karatu yadda abin ya kasance, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Me ya sa ba mu sayi 'yar Beljiyam ba?

Tambaya ce da mutane da dama suka yi mana, ganin cewa tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda aka buɗe a 1968, tana cikin manyan ƙofofin da motocin gwanjo ke shigowa Afirka ta Yamma. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka suka nufo. Sai dai sana'ar ta sha sauye-sauye. A watan Janairun 2017 Nijeriya ta hana shigar da motoci ta kan iyakokin ƙasa, a 2018 Kodebuwa ta taƙaita shekarun ƙananan motocin da za a shigar mata zuwa biyar, sannan a 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar rage shigo da tsofaffin motoci masu hayaƙi.

Baya ga haka, yawancin motocin da ke sauka yanzu kwamfuta ce ke sarrafa injinsu. Idan irinsu ta tsaya maka a daji tsakanin Mango da Dapaong, sai an nemo mai na'ura. Ita kuwa 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Saboda haka da wuya ka shiga gari a wannan yanki ka rasa bakaniken da ya san cikinta. Ƙarfinta ma ba a baki kawai yake ba, domin ita ce ta lashe gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya a 1975.

Kuskurenmu na farko: fenti kafin walda

Da yake ido ne ke fara ganin mota, sai muka fara da kiran mai fenti. Motar ta fito fes, yara na taruwa kallo. Amma ranar da aka ɗaga ta domin duba birki, bakanike ya sa sukudireba ya caki ƙarfen ƙasa kusa da inda sifirin na baya ke kamawa, sai ga shi ya huda kamar takarda. Lome gari ne na bakin teku, iskarsa na ɗauke da gishiri, ga damina sau biyu a shekara, kuma motar da ke zaune a kan yashi mai laima daga ƙasa take fara ruɓewa. Dole aka yanke ruɓaɓɓen ƙarfen aka yi walda, wutar walda ta ƙona sabon fentin, muka biya mai fenti sau biyu.

Wannan darasi ya shafi har masu sayen 'yan Beljiyam, domin a Turai ana zuba gishiri a kan tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, kuma wannan gishirin yana cin ƙasan mota ko da samanta na ƙyalli. Don haka kafin a kashe ko dala ɗaya, a shiga ƙarƙashin mota da tocila, a duba ƙasan kujeru, da bakin ƙofofi, da mazaunin shokozoba da na sifirin. Idan tsatsa ta ci wurare da yawa daga cikinsu, gara a sayar da motar a matsayin kayan gyara a huta.

Inji da ruwa

A nan ne tsohuwar Fijo ta nuna halinta na kirki. Injin fetur ɗinta mai lita 2 ana iya zare silindoginsa a sa sababbi tare da fistin da ringi, ba sai an kai dukan injin wurin masu gogewa ba. Ga shi da kafireta take aiki, wadda ake kwancewa a wanke a kan tabarma. Rauninta ɗaya shi ne zafi, saboda kan injin na alminiyam ne, idan ya yi zafi fiye da kima sai ya lanƙwashe ya ƙona gaskit. Mun wanke lagireto, mun canza famfon ruwa da duk robobinsa, kuma mun gyara agogon da ke nuna zafi, wanda direbobi da yawa ke bari a mace. Haka nan mun ƙara matatar mai kafin kafireta, domin wanda ke bin kasuwannin kan iyaka wata rana dole ya sha man kwalba na bakin hanya, wanda ba a rasa shi da datti ko ruwa.

Ga masu yin aiki a gida, akwai abubuwan da ba a wasa da su. Kada a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, a tokare ta da katako mai kauri ko ƙafafun ƙarfe. Kafin walda a cire batir, a sauke tankin mai a kai shi nesa, domin tankin da babu mai a ciki sai tururi ya fi cikakke saurin fashewa. Tsohon baƙin mai kuma a tara shi a jarka, kada a zubar a ƙasa, musamman a gidajen da ke shan ruwan rijiya. A kuma nisanta yara daga wurin.

Kuskure na biyu: ƙarin sifirin

Kamar yadda aka saba, mun ƙara ganyen sifirin a baya domin motar ta ɗauki kaya ba tare da ta durƙusa ba. Da muka loda mata buhuna muka ga ta tsaya cak, sai muka ɗauka ƙarfinta ya ninka. Abin da ba mu lura ba shi ne, sifirin ne kawai ya ƙaru, birki da taya da aksil suna nan yadda kamfani ya auna su. A tafiyarmu ta farko zuwa arewa, a gangaren duwatsun Aledjo tsakanin Sokode da Kara, direba ya daɗe yana taka birki har ya yi zafi, sai feda ta nutse ƙasa. Allah ne ya kiyaye, ya samu ya mayar da ita ƙaramar giya ya ja birkin hannu a hankali, muka tsaya a gefen hanya jikinmu na rawa.

Daga baya ne muka gane dalili. Man birki yana shan laimar iska, kuma idan ya tsufa yakan tafasa da wuri, shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa a canza shi kamar duk shekara biyu. Namu kuwa tun na zamanin mahaifinmu ne, ƙari kawai muka yi. Tayoyin ma na gwanjo ne. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma akwai lambar da ke nuna nauyin da za ta iya ɗauka. Tayar da ta tsufa tana iya fashewa ko da zanenta bai cinye ba.

Takardu kafin a nufi iyaka

Wasu sun ba mu shawarar mu cire injin fetur mu sa na gas mai lita 2.3, wanda shi ma Fijo ta yi wa 504, saboda sauƙin shan mai. Shawara ce mai kyau ga mai doguwar tafiya, amma irin man da mota ke sha da ƙarfin injinta da lambar shasi duk suna rubuce a takardar mallakar mota, wadda a ƙasashen renon Faransa ake kira kat giriz. Wanda ya canza inji ko ya sake fasalin bodi bai je an gyara takarda ba, ya ba jandarma da 'yan duwan hujjar tsare shi, kuma idan hatsari ya auku kamfanin inshora na iya ƙin biya. Haka nan wanda ya yanke ƙarfen da lambar shasi ke kai wajen walda, ya jawo wa kansa zargin motar sata. Sai a kai mota binciken lafiya da ake kira bizit teknik, a kuma yanki katin inshora na ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa a 1982 kuma hedkwatarsa a nan Lome take. Masu zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali, waɗanda suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, su tambayi kamfanin inshorarsu abin da ake karɓa a can kafin su tashi.

Shawararmu ga 'yan uwa

Gyaran tsohuwar mota a gida yana da riba ga wanda ya bi shi daki-daki: a fara da takardu da ƙarfen ƙasa, sai birki da sitiyari da taya, sai inji da wayoyi, fenti da kujeru su zo a ƙarshe. A ware kuɗin gyara daban da jarin kasuwa, a riƙa rubuta duk abin da aka kashe, domin mota a tsakar gida tana cin kuɗi kaɗan-kaɗan har mutum ya wayi gari ya taɓa uwar kuɗi. Kuma a nemi ƙwararren bakanike ya duba aikin birki da sitiyari ko da an iya, tunda ba mai mota kaɗai ke kan hanya ba.

Tamu dai yanzu tana kai kaya tana dawowa, ba ma ɗora mata fiye da ƙarfinta, kuma duk sanda muka zo gangaren Aledjo da ƙaramar giya muke sauka. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a nemanmu, amin.