Kafin a Shiga Kogo: Shirin Ziyarar Duwatsun Birnin Kudu

Yaron da ya tashi a Jabo ko Tambuwal ya san fadama, ya san faƙo da tudun marmara, amma kogon dutse sai dai a littafi. Shi ya sa idan makaranta ta shirya kai ɗalibai Birnin Kudu a jihar Jigawa, ɗokin tafiya kan cinye shirin: a tara kuɗin mota, a ɗaure guzuri, a manta da tambayar abin da za a tarar.

A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai rumfunan dutse da mutanen dā suka zana shanu a jikinsu, yawancinsu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke korawa a yau ba. A nan ne a 1955 masanin tarihi Bernard Fagg ya lura da wasu duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su, jikinsu duk gurabun bugun da aka daɗe ana yi. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da wurin, kuma ofishinta ya kamata baƙo ya fara sallama ya nemi ɗan jagora.

Wasu na ganin ɗan jagora ɓarnar kuɗi ne. Ban yarda ba. Shi ya san inda dutse ke da santsi, ya san tsagar da kububuwa ke laɓewa, shi ne kuma zai riƙe hannun yaro kafin ya kai kan zanen. Tafin hannu na ɗauke da maiƙo da gishirin gumi, kowace taɓawa tana barin kaɗan a kan launin. Mafi muni shi ne mai watsa ruwa don zanen ya fito ras a hoto. Ruwan na jiƙa launin, idan ya bushe gishirin da ke cikin dutsen ya taso ya ɓamɓare shi, abin da ya shekara ɗaruruwa ya tafi a wuni guda.

Ƙasar Beliz a Amurka ta Tsakiya ta ɗanɗana wannan. Tana da kogon Actun Tunichil Muknal, inda kabilar Maya ta dā ke tsafi, ta bar tukwane da ƙasusuwan waɗanda aka yi hadaya da su. Ba a shiga sai da jagora mai lasisi, kuma idan an kai ɗakin ƙasusuwan sai a tuɓe takalmi a taka da safa. Duk da haka a 2012 kyamara ta suɓuce wa wani baƙo ta fasa ƙoƙon kan da ya haura shekara 1,000. Tun daga nan aka hana shiga da kyamara.

Sai lafiyar mai shiga. Rumfunan Birnin Kudu ba su da zurfi, amma wanda zai wuce kogunan Marshall na Yankari, ko wani kogo mai duhu, ya san jemage ne mai gida. A busasshen kashinsa wani naman gwari ke girma, idan ƙura ta tashi aka shaƙa ya kama huhu. Takunkumi na rage haɗarin. A 2008 wata 'yar ƙasar Holan ta rasu da cutar Marburg bayan shiga kogon jemagu a Yuganda. Damina ma ba lokacin kogo ba ce: a Yunin 2018 ruwa ya rufe yara 12 da kocinsu a kogon Tham Luang na Tailan, sai da aka haura mako biyu kafin a fito da su.

Don haka a tafi da rani, da takalmi rufaffe mai kama ƙasa, kowa da tocilarsa da batirin canji da gorar ruwa. A ƙirga yara wajen shiga, a sake ƙirga su wajen fita. A bi hanya da rana, bayan an tambayi direbobin tasha halin da take ciki.

Malamai, ku zaunar da ɗalibai tun a aji ku faɗa musu: ba taɓawa, ba rubuta suna, ba ɗaukar ko tsakuwa.