Tasirin Kuɗin Talabijin ga Faɗaɗuwar Gamayyoyin Wasanni na Jami'o'in Amurka

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayanin yadda gamayyoyin wasanni na jami'o'in Amurka suka yi ta faɗaɗa daga 1984 zuwa 2024, da kuma rawar da kuɗin nuna wasanni a talabijin ya taka a wannan sauyi. An bibiyi hukuncin kotu da ya buɗe kasuwar, da hanyoyin da kuɗin ke shigowa, da rushewar gamayyar Pac-12, sannan aka dubi abin da hakan ya haifar wa ɗalibai 'yan wasa.

1.0 Gabatarwa

A Amurka jami'o'i kan haɗu rukuni-rukuni domin tsara gasar wasanni a tsakaninsu. Irin wannan rukuni shi ne ake kira gamayya a cikin wannan muƙala. A da, maƙwabtaka ce ginshiƙin kafa gamayya: jami'o'in yanki guda, masu daɗaɗɗiyar hamayya, waɗanda ƙungiyoyinsu za su iya zuwa gidan juna cikin mota ko jirgin ƙasa. A yau gamayyar da ake kira Big Ten, wadda ma'anar sunanta ita ce manyan jami'o'i goma, tana da mambobi 18, daga gaɓar Tekun Atlantika zuwa ta Fasifik. Domin fahimtar yadda aka kai ga haka, wajibi ne a bi sawun kuɗin talabijin, musamman na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ita ce ke kawo kaso mafi tsoka.

2.0 Hukuncin 1984

Tun farkon shekarun 1950 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ita ke sayar da izinin nuna ƙwallon ƙafar jami'o'i a madadin kowa. Ta ƙayyade yawan wasannin da za a nuna da kuma sau nawa kowace jami'a za ta fito, bisa hujjar cewa talabijin zai hana mutane zuwa filin wasa. Jami'o'i masu yawan magoya baya sun ga cewa tsarin yana tauye musu kuɗin shiga. Jami'o'in Okalahoma da Jojiya suka kai ƙara, kuma a 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, cewa tsarin ya saɓa wa dokar hana kaka-gida a kasuwa.

Daga nan izinin nunawa ya koma hannun jami'o'i da gamayyoyinsu. A 1990 Jami'ar Notre Dame ta ƙulla yarjejeniya ita kaɗai da tashar NBC. A 1992 gamayyar SEC, bayan ta karɓi jami'o'in Arkansas da South Carolina ta kai mambobi 12, ta fara shirya wasan ƙarshe na fitar da zakara, wanda shi ma haja ce da ake sayar wa talabijin. A 1996 kuwa tsohuwar gamayyar Southwest ta watse, huɗu daga cikin jami'o'inta suka shiga sabuwar gamayyar Big 12. Darasin da shugabannin jami'o'i suka ɗauka shi ne, darajar gamayya tana ga yawan idanun da za ta iya tarawa a gaban allo.

3.0 Yadda Kuɗin ke Shigowa

Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ita ce yarjejeniyar shekaru da gamayya ke ƙullawa da manyan tashoshi kamar ESPN da Fox da CBS, sannan ta raba kuɗin ga mambobinta. Tashoshin na biyan kuɗi masu yawa ne saboda wasa abu ne da ake kallo kai tsaye, mai kallo ba ya iya tsallake talla kamar yadda yake yi a shirin da aka naɗa.

Hanya ta biyu ita ce tashar gamayya ta kanta. A 2007 Big Ten ta buɗe tata tare da haɗin gwiwar Fox. A tsarin talabijin na biyan kuɗin wata, kowane gida da aka saka masa tashar a cikin jerin tashoshinsa yana biyan wani kaso, ko ya kalla ko bai kalla ba, kuma kason ya fi yawa a yankunan da gamayyar ke da jami'a. Wannan ne ya bayyana shigar jami'o'in Maryland da Rutgers cikin Big Ten a 2014. Ba su cikin gwanayen ƙwallon ƙafa a lokacin, amma Rutgers na kusa da birnin New York, Maryland kuma na dab da birnin Washinton, wuraren da ke da miliyoyin gidaje masu biyan kuɗin wata. Haka nan shigar Texas A&M da Missouri cikin SEC a 2012 ta buɗe mata sababbin jihohi biyu kafin ta kafa tata tashar a 2014.

4.0 Daga Yawan Gidaje zuwa Girman Suna

Da mutane suka fara barin talabijin na biyan kuɗin wata suna komawa kallo ta intanet, lissafin ya sauya. Yawan gidajen da ke yanki ya rage daraja, abin da ake nema yanzu shi ne jami'ar da sunanta kaɗai ke jawo masu kallo daga ko'ina cikin ƙasar. A 2021 jami'o'in Teksas da Okalahoma suka sanar da barin Big 12 zuwa SEC. A watan Yuni na 2022 Jami'ar Kudancin Kalifoniya da Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles suka sanar da komawa Big Ten. Watanni biyu bayan haka Big Ten ta sa hannu a yarjejeniyar shekaru 7 da Fox da CBS da NBC, wadda ta kai kimanin dala biliyan 7.

5.0 Rushewar Pac-12

Gamayyar Pac-12, wadda tushenta ke komawa 1915, ita ce ta fi jin jiki. Ta kafa tasharta a 2012 ba tare da haɗin gwiwar wani babban kamfani ba, kuma ba ta taɓa samun shiga DirecTV ba, don haka kuɗin da take rabawa ya kasa kamo na takwarorinta. Bambancin lokaci ma ya cutar da ita, domin wasan da aka fara da dare a Kalifoniya yakan tarar mutanen gabashin ƙasar sun kwanta. Bayan ficewar jami'o'in Los Angeles guda biyu, tashoshi suka rage tayi. Abin da ya rage a gabanta a watan Agusta na 2023 shi ne tayin kamfanin Apple na nunawa ta intanet, wanda wani ɓangare na kuɗinsa ya dogara ga yawan masu yin rajista.

Cikin 'yan makonni Oregon da Washinton suka tafi Big Ten. Colorado da Utah da Arizona da Arizona State suka shiga Big 12. Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka shiga ACC, gamayyar da sunanta ke nufin gaɓar Atlantika, alhali su suna gaɓar Fasifik. Jami'o'i biyu kacal aka bari, Oregon State da Washington State. Jami'ar SMU ta birnin Dallas kuwa ta amince ta haƙura da kason kuɗin talabijin na shekaru 9 domin kawai a karɓe ta a ACC.

Gamayyoyi na da makamin riƙe mambobinsu, wato yarjejeniyar miƙa izinin nunawa. Jami'ar da ta sa hannu, ko ta fice, kuɗin wasanninta na gida na gamayyar ne har wa'adin ya cika. Ta ACC an ƙulla ta ne har zuwa 2036, abin da ya sa jami'o'in Florida State da Clemson suka kai ƙara kafin a yi sulhu a 2025.

6.0 Tasiri ga Ɗalibai

Ƙwallon ƙafa ce ke jan ragamar sauyin, amma nauyinsa ya fi sauka a kan sauran wasanni. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa wasa ɗaya take yi a mako, yawanci ranar Asabar. 'Yan ƙwallon kwando da na raga kuwa sukan yi wasa a tsakiyar mako. Ɗalibar da za ta tashi daga Los Angeles zuwa New Jersey za ta yi tafiyar kusan kilomita 4,000 da bambancin lokaci na awa 3, ga kuma darussa na jiran ta.

Yawan kuɗin ya kuma raunana tsohuwar hujjar NCAA cewa ɗan wasa ɗalibi ne da bai kamata a biya shi ba. A 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci baki ɗaya a kan hukumar a shari'ar Alston, kuma a wannan shekarar aka ba ɗalibai damar samun kuɗi daga amfani da sunansu da hotonsu. A watan Yuni na 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya tanadi diyyar kimanin dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

7.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa faɗaɗuwar gamayyoyi ta bi matakai uku: buɗewar kasuwa a 1984, neman yankuna masu yawan gidaje daga 2007, da farautar jami'o'i masu suna daga 2021. A kowane mataki tsarin biyan kuɗin talabijin ne ya fara sauyawa, taswirar gamayyoyi ta biyo baya. Sakamakon shi ne tattaruwar dukiya a hannun Big Ten da SEC, da ƙaruwar tazara tsakaninsu da sauran. Tun da yanzu jami'o'i za su riƙa biyan 'yan wasa daga wannan kuɗi, buƙatarsu ga yarjejeniya mai tsoka ta ƙaru, kuma yarjejeniyar Big Ten za ta ƙare a 2030.