Abin da ke cin ƙafar katafila a ramin ma'adinai

Katafila da manyan injinan haƙa da ke aiki a ramukan ma'adinai a kan kacar ƙarfe suke tafiya. Kacar da duk abin da ke riƙe da ita su ne ƙafar injin: takalman ƙarfe masu taka ƙasa, gaɓoɓin da fil da bushi suka haɗa, rololin da ke ɗauke da nauyi, da gargaren nan mai haƙora da ke jan kacar. Katafila ƙirar D11 ta kamfanin Caterpillar ta haura tan 100, kuma duk wannan nauyi a kan ƙafar yake sauka. Masu ƙera injinan kan ce kusan rabin kuɗin gyaran katafila, daga sayenta har ta tsufa, ƙafar ce ke lashe shi.

Wanda ya ga injin yana ture duwatsu zai ɗauka dutse ne babban abokin gaba. Yashi ya fi shi ɓarna. Yawancin ƙwayar yashi ma'adinin kwaz ne, wanda taurinsa ya kai 7 a ma'aunin Mohs, sama da na ƙarfen yau da kullum. A Arlit ta jihar Agadez, inda kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom daga buɗaɗɗen rami a 1971, ma'adinin a cikin dutsen yashi yake kwance. Da an fasa shi sai ya koma gari, ya shige tsakanin bushi da haƙoran gargare. Busasshen yashi ma da sauƙi, don yana zubewa. Ranar da ya sami ɗan ruwa, ko na sama ko wanda tanka ta yayyafa don kwantar da ƙura, sai ya manne ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, kowane juyin kaca yana kankare ƙarfen. Bakanike kan gane haka da ido: haƙorin da ya zo da faɗin kai ya koma tsini, gefen bushi ya yi ƙyalli ya lotsa.

Zafi kuma ta wajen mai yake shigowa. Tun shekarun 1970 ake yin kacar da aka rufe mai a cikin kowace gaɓa, da zobe mai roba yana tsare shi. A wurin da zafin bazara ke wuce digiri 40, robar kan bushe ta saki, man ya tsiyaye, ƙura ta maye gurbinsa. Gaɓar da ta bushe tana ƙara, tana kuma ɗaukar zafi fiye da maƙwabtanta, shi ya sa ake bin kacar da na'urar auna zafi da zarar injin ya tsaya.

A Fort McMurray ta lardin Albata a Kanada, inda ake haƙar yashi mai kwalta, sanyin hunturu kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Taɓon da aka bari a ƙafar da yamma kan daskare kafin asuba ya kame rola. Idan direba ya tayar da injin a haka, kaca za ta yi ta goga rolar da ba ta juyawa har ta shafe mata gefe guda. Ƙarfe kansa yakan yi gautsi a irin wannan sanyi, bugun da zai lanƙwasa shi da rani ya tsaga shi da hunturu.

Taɓo ko babu sanyi yana da tasa illar. Yakan cushe tsakanin haƙora ya ɗaga kacar, ta ɗaure fiye da ƙima. A nan ne hannun mutum ya fi tasiri, kuma a nan aka fi sakaci. Da giris ake ɗaure kaca ko sassauta ta, aikin 'yan mintoci, amma dole a yi shi a wurin aikin, da taɓon a jiki. Kacar da aka saita a kan simintin gareji za ta yi tsauri da zarar ta shiga laka, kuma kaca mai tsauri tana cin bushi da rola da gargare a lokaci guda.

Shi dutse bugu ne nasa. Takalmi mai faɗi da ke hana injin nutsewa a fadama, a kan dutse lanƙwashewa yake yi ya kwance notinsa, don haka ƙa'idar ita ce a sa mafi ƙarancin faɗin da ƙasar za ta iya ɗauka. Saboda wannan bugu ne Caterpillar ya ɗaga gargaren sama a ƙirar D10 da ta bayyana a 1977, ya nisanta shi da ƙasa.

Saura kuwa halin direba ne. Gudu da baya ya fi cin bushi, yawan juyawa ɓangare ɗaya na cinye kacar gefe guda, aiki a karkace a jikin gangare na ɗora nauyi a kan ƙafar da ke ƙasa. Idan aka auna aka ga fuskar bushi ta cinye kafin ta huje, akan cire shi a juya ɗaya fuskar, kacar ta ci gaba da aiki.